Dashbod: allo ne ko kanta?

1/ Jama'a, sitiyari ya zama ɗan gida, birki da totur ma ba mai ce musu baƙi. Amma wannan shimfiɗar da ke tsakanin direba da gilashin gaba har yau sunanta bai zauna a bakinmu ba. Wani ya ce dashbod, wani dasbot, wani ya nuna da yatsa kawai. Ku matso mu raɗa mata suna.

2/ A wurin Turawa kalmar daga keken doki ta fito: katako ne da ake kafawa gaban mai tuƙi don ya tare taɓon da kofato ke watsowa. Mu ba doki a gabanmu, bin asalin ba zai kai mu ko'ina ba.

3/ An kawo "gaban mota". Je ka Apo, unguwar makanikai a Abuja, ka ce wa bakanike gaban motarka ya tsage, wallahi bamba da fitilu zai je dubawa. "Goshin mota" ma waje yake nunawa. "Allon mota" ya fi su, sai dai allo abin karantawa ne. A bar shi ga wurin mita, inda allurar mai da ta gudu suke.

4/ Ni "kantar mota" na zaɓa. Ku dubi aikin da muke sa ta: carbi, hula, tishu, kwalbar turare, duk a kai ake jerawa, kamar kantar mai shago. Na san Malam zai ce ai ita ma kalmar "kanta" aro ce. Gaskiya ne, amma aron da ya daɗe har ya yi jikoki. Ga ta kuma tana shiga magana ba gargada: kantar ta tsage, kantar ta narke, a rufe min kanta.

5/ Mu gwada ta a bakin aiki. A motoci da yawa kanta hawa uku ce: roba mai tauri a ƙasa, soso a tsakiya, fatar leda a sama. Mota ta wuni a rana a Wuse ta Abuja cikin Maris ko Afrilu, zafin saman kanta na iya kaiwa digiri 70. A hankali sinadarin da ke sa ledar laushi ya ƙone, ta bushe, ta dare. Wasu kuma narkewa suke yi su yi danƙo. Masu Camry ta 2007 zuwa 2011 sun san zancen, don a Amurka sai da Toyota ta buɗe shirin sauya wa mutane.

6/ Mafi araha shi ne rufin kafet da aka yanka daidai da samfurin motarka. Ba ya gyara komai, asiri kawai yake rufawa, ya kuma tare rana. Ɗauki baƙi ko ruwan toka marar sheƙi, domin mai haske yana dawowa a gilashi ya kashe ido. Kada ya toshe ramukan iskar da ke gindin gilashi, da damina su ke share hazo.

Tsaga ƙarama kuwa a yanke bakinta da ya tashi, a cike da gam irin su Araldite, a goge da sanfefa, a fesa fentin roba. Supa gulu zalla ba ya jimrewa, ya fi ledar tauri, zafi na buɗa ta sai ya sake ɓallewa a gefe.

In tsagar ta yi rassa, masu ɗinkin kujerun mota za su cire kantar su sa mata sabuwar leda. A nan kuɗi ya fara hawa, ga haɗarin a karya maƙalai wajen cirewa, mota ta koma ƙara a kowane rami. Ta Beljiyam, wato tsohuwar kantar da aka shigo da ita daga waje, ita ce ƙarshe, kuma a murza ta da yatsa kafin a biya, ita ma ta sha tata ranar.

7/ Abu ɗaya ban yarda a yi wasa da shi ba. A gefen fasinja akwai jakar iska a ƙarƙashin kanta, an yi wa wurin rauni da gangan don ya fashe lokacin haɗari. Oga mai gyara, kar ka cika shi da gam, kar ka manne shi da leda mai kauri.

8/ 'Yan uwa na Farin Gada da Dilimi a Jos, in akwai sunan da kuke kiranta a gareji, ku kawo a auna shi da kanta.