Keken tsere na farko, kuɗina ba su da yawa

Ɗan Gwale: Salam 'yan uwa, ina so in sayi keken tsere irin mai lanƙwasasshen kai ɗin nan don motsa jiki da safe, amma gaskiya aljihun ba nauyi. Sabo mai araha zan ɗauka ko na gwanjo? Tsayina 174cm.

Baban Ummi: Wa alaikas salam ƙanina. Ni dai gwanjo nake ba ka shawara, tsohon Giant ko Trek na alminiyom ya fi sabon da ba a san sunan kamfaninsa ba, kuma ka manta da keken da aka ƙera jikinsa da kabon (carbon fibre) tukuna don idan ya tsage daga ciki ba lallai ka gani ba, mai walda ma ba abin da zai iya maka. A tsayinka saiz 54 ya kamata, amma fa ka hau ka ji da kanka, ni na taɓa sayen wanda ya min girma don arha, wata biyu bayana na ciwo na sayar a faɗuwa.

Mai Faci: Duba giya yallaɓai. Ta kamfanin Shimano samfurin Claris mai giya 8 a tayar baya ta ishe ka, samfurin Sora kuma mai 9 ce. Taya ka sa mai faɗin 28mm in za ta shiga, mai 23mm wahala ce a ramukan titinmu. Kuma bawul ɗin tayar keken tsere siriri ne, famfonmu na gefen titi ba ya kama shi sai da adafta.

Hajjaju: Ka ware kuɗin hular kwano da fitila don Allah, masu adaidaita ba sa ganin mutum.

Ɗan Gwale: Na gode Baban Ummi, Asabar zan shiga kasuwa. Mai Faci ko za ka raka ni?