Abokan aiki sun gayyace ni mashayar ƙauye a Yorkshire, ku ba ni shawara

Ɗan_Gwammaja:
Salam 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka daɗe a Ingila nake tambaya. Mutanen wajen aikinmu a nan Leeds sun shirya fita yawon ƙafa ranar Lahadi wajen Masham, wani ƙaramin gari a arewacin Yorkshire, wai in an gama za a yada zango a wata ƙaramar mashaya a sha wata giya da suke kira real ale, tun Litinin ba su da zance sai nata. Ni ba na sha kuma sun sani, oga ta ce in zo kawai akwai abinci. Wai ita wannan abar meye bambancinta da sauran giya, kuma tana bugarwa ne?

Baba_Bradford:
Wa alaikumus salam. Ƙanena giya ce tsantsa, tana bugarwa, yawanci ƙarfinta kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari ne, Old Peculier ta kamfanin Theakston da ke nan Masham ɗin ma 5.6 ce. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, ni a kansa na tsaya, ina zuwa yawon in an zo shiga sai in yi musu sallama in kama bas. Ba wanda ya taɓa riƙe ni a zuciya.

Yaron_Jos:
Ni Kirista ne kuma ina ɗan taɓawa, to bari in amsa ɗayan ɓangaren. Bambancin shi ne ba a tace ta ba a dafa ta don kashe yis, da ranta ake zuba ta a ganga tana ci gaba da nuna a ɗakin ƙasa na mashayar, kusan yadda burkutu ke ci gaba da tsimuwa a tukunya. Ba a tura mata gas, da hannu ake jawo ta, za ka ga dogayen hannayen famfo a jere kan kanta mai gidan yana ja a hankali kumfa na taruwa, kuma sanyinta kamar digiri 11 zuwa 13 ne kawai, shi ya sa baƙo ke cewa ai giyar nan ba sanyi. Da an buɗe ganga kwana uku ne haka take yi ta fara tsami, to ƙaramin wuri mai ciniki da mai gida mai tsaftace bututu shi ake bi, abin da abokan aikinka suke wa zumuɗi ke nan. Har ƙungiya gare su, CAMRA, tun 1971 suka kafa ta lokacin da manyan kamfanoni suka so maye ta da giyar gas. Amma Baba ya faɗi gaskiya, giya giya ce, ba zan ce maka lemo ba ne.

Maman_Iman:
Ni dai na sha shiga da 'yan ofis ranar Lahadi, a ƙauyukan nan sau da yawa ita kaɗai ce wurin cin abinci, za ka tarar da tsofaffi da yara har da karnuka kwance gaban murhu, ba hayaƙin taba tun da aka hana a 2007. Ban ce ka bi nawa ba, ka tambayi malaminka. In ka shiga dai ka kula, shandy rabinta giya ce duk da ana sa lemo, fai ɗin nama (naman da ake gasawa cikin ɓawon fulawa) sau da yawa da giya ake dafa shi, kifin ma wani lokaci da ita ake kwaɓa fulawar, sai ka tambaya. Abin shan da aka rubuta masa kashi 0.5 na barasa ba daidai yake da mai 0.0 ba. Sannan suna da al'adar kowa ya saya wa duk mutanen teburi abin sha zagaye guda bi da bi, ka faɗa tun farko cewa naka kawai za ka saya, kar layi ya zo kanka ka tsinci kanka kana biya wa mutane giya.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wannan maganar zagayen wallahi ban san da ita ba Hajiya. Zan je yawon, in mun sauko sai in bi shawarar Baba, yanzu zan duba lokacin bas tunda Lahadi ce motocin ƙauye ba su da yawa.