Sau uku ina tsallake rijiya da baya a hanyar ƙauye: in ci gaba da tafiyar dare?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Aikina yana sa ni bin hanyar burji da mota, galibi sai bayan faɗuwar rana nake kamo hanyar gida. A daminar nan abu uku suka same ni. Tayar baya ta fashe, kuma duk tsawon dajin nan ba ta tashi fashewa ba sai daidai rumfar mai faci. Wani dare na tsaya kama ruwa, ina haska cocila sai na ga ruwa ya cinye kwalbatin da ke gabana, bai fi taku talatin ba. Na uku, fambel ya tsinke, mai babur na farko da ya tsaya min ashe bakanike ne. Yayana ya ce in bar tafiyar dare tun da sauran numfashina. Ni kuwa har na fara jin cewa hanyar nan tana yi da ni. Me kuka gani?

Tsohon direba: Yaro, zancen kwalbatin nan shi ya sa na ajiye abin da nake yi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta taka birki, ka cinye taku talatin ɗin nan, birki bai ma fara aiki ba. Ga shi a burji taya ba ta kama ƙasa kamar a kwalta, jan ƙasa take yi. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Da fitsari bai matse ka ba fa? Da dare kar ka yi gudun da ya wuce inda fitilarka ke haskawa. Bayan ruwan sama kuma, duk kwalbatin da ba ka ga bayansa ba, sauka ka taka da ƙafa.

Bakanike: Malam, biyu daga cikin ukun nan motar ta daɗe tana yi maka magana, kai ne ba ka saurara ba. Fambel yakan yi ƙara da safe, yakan tsattsage kafin ya tsinke. In ya tsinke fitilar batir za ta kama, a motoci da yawa kuma shi ke juya famfon ruwa, sai inji ya ɗau zafi. Ka tsaya nan take, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Taya kuwa, duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara shida a riƙa sa mata ido, ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba.

Wata 'yar'uwa: Ni dai ba zan raina sa'ar ba. Mun taɓa kafewa a taɓo da yara a mota, ba sabis a waya, sai ga mai tarakta yana komawa gida, wai mantuwa ya yi ya juyo. Har yau ina yi masa addu'a. Amma tun ranar ba na fita sai na faɗa wa wani hanyar da zan bi da lokacin da zan isa. Ka ji maganar yayanka, ko rabi ne.

Wani ɗan zaure: Don Allah in za ka fita gobe ka rage min hanya, ko sa'ar taka za ta shafe ni.

Tsohon direba: Kai ka shiga. Ni ko kyauta ba na hawa sai bakanike ya duba ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu na fita da cocila na duba. Tayoyin gaba 3416 aka rubuta, wato mako na 34 a 2016. Safaya kuma na danna da yatsa, babu iska ko kaɗan, jak ɗin ma ban san wa na ara wa ba. Gobe da rana zan tafi. Bakanike, in ba zan iya sauya huɗun a tashi ɗaya ba, sababbin biyun gaba zan sa su ko baya?

Bakanike: Baya. In bayan mota ya zame a santsi, sitiyari ba ya dawo da shi da sauƙi. Amma na gaban nan naka kar su ƙara kwana a jikin motar.