Muhawara: Shin rubutun da ke jikin kwalbar jan farce ya isa shaida cewa ba a cutar da dabba ba?

Mai shagon kayan kwalliya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Matsayata ita ce, duk jan farcen da aka rubuta "vegan" a jikinsa, mai saye za ta iya kwantar da hankalinta cewa babu dabbar da aka wahalar wajen yin sa. Abin da nake faɗa wa masu zuwa shagona ke nan.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Kalmar "vegan" tana nufin ba a zuba wani abu daga jikin dabba a cikin kayan ba, kamar jan launi mai suna kamin da ake samu daga ƙwaron kocinil, wanda ake kiwonsa a kan wata shuka mai ƙaya a Peru, ko sinadarin guwanin da ake cirowa daga ɓawon kifi domin ƙyalli. Batun gwaji a kan dabbobi kuwa daban ne, rashin yin sa ake nufi da "cruelty-free". Kwalba tana iya zama babu ƙwaro babu kifi a cikinta, alhali an gwada sinadaranta a kan zomo ko ɓera.

Mai shagon kayan kwalliya:
Malam, ai Tarayyar Turai ta hana wannan tun tuni. Ta haramta gwada kayan kwalliya a kan dabbobi a 2004, sannan daga Maris 2013 ta hana sayar da duk wanda aka gwada, ko a wace ƙasa aka yi gwajin. Indiya ma ta bi sahu a 2014.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Gaskiyarki, sai dai dokar tana da ɓaraka. Dokar sinadarai ta Tarayyar Turai mai suna REACH tana iya tilasta gwaji a kan dabbobi domin kare lafiyar ma'aikatan masana'anta, kuma a Nuwamba 2023 kotun Tarayyar ta goyi bayan ECHA, hukumar kula da sinadarai ta Turai, a kan kamfanin Symrise na Jamus, game da umarninta na a gwada a kan dabbobi wasu sinadarai biyu na kariyar fata daga rana, waɗanda a kayan kwalliya kaɗai ake amfani da su. A Amurka kuma hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, da kanta ta bayyana cewa babu ma'anar "cruelty-free" a doka, saboda haka kamfani yana iya rubutawa ko da masu kawo masa sinadarai sun yi gwajin.

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Baba Malam, abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne gwajin Draize na 1944, inda ake ɗiga sinadari a idon zomo, a bar shi kwanaki ana duban yadda idon ke kumbura. Mu da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba, tunda yanzu akwai fatar ɗan Adam da ake rainonta a ɗakin gwaji domin wannan aikin. Hajiya, shawarata ki riƙa neman tambarin Leaping Bunny, mai hoton zomo yana tsalle, domin masu ba da shi suna bin diddigi har zuwa wurin masu kawo sinadaran.

Mai shagon kayan kwalliya:
Na karɓi gyaran a kan kalmar "vegan", ƙanwata. Amma ban yarda cewa rubutun ba shi da amfani ba, domin matsin lambar masu saye na cikin abin da ya sa ƙasar Sin ta sassauta gwajin dole a kan kayan kwalliya na yau da kullum da ake shigo mata da su daga Mayu 2021. Gobe zan duba kwalaben shagona ɗaya bayan ɗaya, in ware masu tambarin zomon.