Zauren masu koyon kod na Gombe: tambayar y/n

Safiya: Assalamu alaikum. Ina koyon yaren kod na Python a waya da manhajar Pydroid 3. Shirina yana tambaya "Za ka ci gaba? y/n" (y eh, n a'a), amma ko shirme na rubuta sai ya wuce abinsa. Ga layin: if amsa == "y" or "Y":

Abba Tumfure: Wa alaikis salam. Bayan "or" ɗin nan, Python ba ya gwada "Y" da amsa, shi kaɗai yake kallo, kuma duk rubutun da ba fanko ba True ne a wurinsa. Ki sa if amsa in ("y", "Y").

Yaya Sani: Ƙanwata, kar ki tsaya nan. Irin layin nan ne ya ja mana asara a shagon yayana. Wani yaro ya haɗa masa ɗan shirin rubuta bashi, yana tambaya kafin ya goge suna. Yayana ya danna n, amma suna ya tafi da bashinsa, mai bashin kuwa ya rantse ya biya tuni. Har yau ba sa gaisawa. Ki sa input(), mai karɓar amsa, cikin while True don ya riƙa maimaita tambayar, ki liƙa masa .strip().lower() ya cire fili ya mai da baƙi ƙarami, domin madannin waya yakan fara da babban baƙi, wani lokacin ya ƙara fili a ƙarshe, kuma "Y " ba "y" ba ne. In amsar y ce ko n, ki yi break, ya daina tambayar. In ba haka ba, ya sake tambaya. Kada ki bari else ya zama amincewa, balle a kan gogewa.

Nura: Duk dogon bayani. amsa[0] kawai, a duba harafin farko.

Yaya Sani: Danna Enter ba ka rubuta komai ba ka ga IndexError, wato shirin ya tsaya don babu harafin farkon da zai duba.

Hauwa Pantami: Kuma mutum ya rubuta "na'am", shirin Nura ya ce ya ƙi 😂

Nura: Anti Hauwa, ke dai kullum sai kin taɓa ni.

Bello: Ku 'yan Python kuna hutawa. A yaren C, scanf("%c"), mai karɓar harafi ɗaya, ɗauke Enter ɗin baya yake yi ya tsallake tambayar, sai ka sa fili kafin %c.

Abba Tumfure: Wa ya tambayi C yanzu?

Bello: Wanda bai wahala da C ba ai bai fara ba.

Hauwa Pantami: Me ya hana a karɓi "eh" da "a'a"? Sai dai a kula, wasu wayoyin lanƙwasasshiyar alama suke sawa a tsakiyar a'a, Python kuwa daban yake ganinta. A saka duka biyun, har da "aa".

Nura: Don Allah akwai mai wuta a Jekadafari? Cajina 4%.

Safiya: Na gode. Yaya Sani, na sa while True ɗin, yanzu kuma ya ƙi tsayawa ko na danna y.

Yaya Sani: Turo hoton, mu ga inda kika ajiye break.