Ba na son a ɗaure shi, so nake ya daina dukana

A ɓoye sunana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A Kaduna nake aure, yarana uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Auren zumunci ne, ɗan gwaggona ne, kuma ita gwaggon ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ta yi min kayan ɗaki har da keken ɗinki. Da can mari ne kawai in ransa ya ɓaci. Tunda jarinsa ya karye sai abin ya koma duka da wayar wuta. Ranar Talata a kan kuɗin adashe ne, na ɗauka na biya wa yara kuɗin makaranta ban faɗa masa ba, ga shi har yanzu kunnena na hagu ba ya ji sosai. Na ji a rediyo wai gwamnati tana da doka a kan haka, har da gidan da ake ajiye mata. Gaskiya ne? Za a bar ni da yarana? Ni dai ba na son a ɗaure shi.

Hajiyar Kawo: Wa alaikissalam 'yata. Kunnen nan shi ne farko. Gobe ki je asibiti a duba ki, ki karɓi rahoton likita, ki ɗauki hoton raunukan ki tura wa wadda kika yarda da ita. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, kyauta suke duba waɗanda aka ci zarafinsu. Doka kuma akwai ta. Tsohon shugaban ƙasa Jonathan ya sa wa dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, hannu a 2015, amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta yi tata, Kaduna kuwa ta yi a 2018. A cikinta kotu na iya ba da umarnin kariya, a hana shi taɓa ki ko yi miki barazana, kuma wannan ba ɗauri ba ne. Sai in ya karya umarnin ne hukunci zai hau kansa.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya doka a takarda daban, a ofis daban. Ni da haƙarƙarina a karye na kai ƙara wajen 'yan sanda, suka ce maganar cikin gida ce, mu je mu sasanta. Kuɗin takarda ma sai da suka karɓa a hannuna. Yau shekara huɗu da rabuwarmu ko sabulu bai taɓa aiko wa yaransa ba.

Ummu Khalil: Baiwar Allah ki yi haƙuri, ki dage da tsayuwar dare, ki samu gwaggonku ku zauna. Ranar da kika kai ɗanta gaban hukuma, zumunci ya watse ke nan. Kuma ke ma da laifinki, ya za ki taɓa kuɗi ba izini?

A ɓoye sunana: Anti kuɗin ɗinkina ne nake zubawa. Gwaggo kuma ta sani, cewa ta yi haka ubansa yake, ita ma haƙuri ta yi. Amma don Allah ku daina ganinsa kamar azzalumi, in yana cikin daɗin rai ba wanda ya kai shi son yara. Talauci ne ya mayar da shi haka.

Hajiyar Kawo: Talauci bai bar gidan kowa ba, 'yata, ba kowane magidanci ne ke fasa wa matarsa kunne ba. Ummu Khalil, ki ji tsoron Allah, haƙurin nan ya kai mata da yawa kabari. In kotun gwamnati ce ba ta so, ga kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya in mace ta tabbatar da cutarwa alƙali zai raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, kada wani ya ruɗe ta da khul'i. Riƙon yara ma uwa ce ke da shi matuƙar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa tana kan uba. In ba kuɗin lauya, akwai Legal Aid, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

'Yar Zazzau: Ni dai shawarata kada ta fara da kotu. Mai unguwa da limamin masallacinsu su kira shi ya rubuta alkawari. Yayata haka aka yi mata ya daina.

Maman 'Yan Biyu: Nawa mijin sau nawa ya rubuta? A gaban liman ma ya yi kuka.

A ɓoye sunana: Ni fa ban ce saki nake nema ba. In na fita ina zan je? Gidan babana matarsa ce a ciki, ɗaki biyu ne. Asibitin ma sai na nemi izininsa, in ya tambaye ni me zan ce wa likita fa? Shi ya sa na tambayi gidan gwamnatin, har yanzu ba wadda ta ba ni amsa.

Hajiyar Kawo: Ki ce masa kunne za a duba, ai ba ƙarya kika yi ba. In kin je Salama ki tambaye su maganar mafaka, su ne ke haɗa mutum da ma'aikatar mata. Ki yi min magana ta akwatin saƙo, zan raka ki.

A ɓoye sunana: Na gode Hajiya. Bari in ga yadda zai dawo yau tukuna, tun jiya yake ta ba ni haƙuri.