Da wace hujja ake cewa akwai duniya a wajen wani tauraro alhali ba a ganinta?

Malamar Kimiyya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma akwai tambayar da nake so masu ilimin falaki a cikinku su warware mini. Kafafen yaɗa labarai sukan kawo rahoton cewa an gano wata duniya tana kewaya wani tauraro mai nisa, su haɗa da hoto mai nuna teku da gajimare, alhali kuwa hoton zane ne aka yi. To, idan na'urar hangen nesa ba ta ganin duniyar ita kanta, da wace hujja masana suke cewa tana nan, har su faɗi nauyinta da girmanta da irin iskar da ta lulluɓe ta? Ina so in san inda awo ya tsaya da inda hasashe ya fara, domin ba na son in koya wa ɗalibai abin da ba shi da tushe.

Mai Nazarin Falaki:

Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, mafi yawan waɗannan duniyoyi ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba. Abin da ake aunawa shi ne hasken tauraron da suke kewayawa, domin duniya ba ta zama kusa da tauraro ba tare da ta bar alama a haskensa ba.

Alama ta farko ita ce rangajin tauraron. Kamar yadda tauraro yake jan duniya, haka ita ma take jansa, sai ya riƙa ɗan matsowa wajenmu yana ja da baya. Idan aka tsaga haskensa zuwa launuka irin na bakan gizo, ana ganin wasu siraran layuka masu duhu, waɗanda suke gusawa ɓangaren shuɗi idan yana matsowa, su koma ɓangaren ja idan yana nisanta, kamar yadda ƙarar jiniyar mota take sauyawa a kunnen wanda ta wuce. Ta wannan hanya Michel Mayor da Didier Queloz, masana biyu daga Suwizalan, suka gano duniyar 51 Pegasi b a shekarar 1995, suna aiki a cibiyar Haute-Provence da ke kudancin Faransa. Nauyinta ya kai kusan rabin na Mushtari (Jupiter), duniya mafi girma a cikin masu kewaya ranarmu, amma cikin kwana huɗu da 'yan awoyi take gama kewaya tauraronta, abin da ya sa wasu masana suka yi shakka da farko, domin ba a zaci duniya mai wannan girma za ta zauna kusa da tauraro haka ba. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2019. Aikin yana da wuya ƙwarai, domin Mushtari yana motsa ranarmu da gudun kusan mita 12 ne a daƙiƙa, duniyarmu kuwa da kamar santimita 9 kacal.

Alama ta biyu ita ce dusashewar haske. Idan duniya ta gifta tsakaninmu da tauraronta, takan tare wani ɗan yanki na haskensa, irin abin da ke faruwa a husufin rana, sai dai wannan ya yi ƙanƙantar da ido ba zai lura ba. Mai girman Mushtari takan rage hasken tauraro irin rana da kashi 1 cikin 100, mai girman duniyarmu kuwa ragin bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Na'urar hangen nesa ta Kepler da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2009 ta zuba ido a kan taurari kimanin 150,000 na tsawon shekara huɗu, kuma kafin a dakatar da ita a 2018 ta gano duniyoyi fiye da 2,600. Ba a yarda da dusashewa ɗaya. Sai ta maimaitu a kan lokaci, da zurfi iri ɗaya, sannan an tabbatar ba wani ƙaramin tauraro ne yake giftawa ba.

Hanya ta farko tana ba da nauyi, ta biyu tana ba da faɗi. Idan aka samu duka biyun a kan duniya ɗaya, sai a lissafa ko dutse ce ko tarin iska, kuma wannan lissafi ne da ɗalibanki na ajin ƙarshe za su iya yi a kan allo.

Ɗan Damagaram:

Allah ya ƙara basira, Malam. Zan ƙara a kan batun iska, wanda shi ne ya fi ba mutane mamaki. A lokacin da duniya take giftawa, wani ɗan kaɗan daga hasken tauraron yana ratsa iskar da ke gefenta kafin ya iso gare mu, kuma kowane sinadari yana da launukan da yake shanyewa, ba ya kuskure su. Idan aka gwada hasken lokacin giftawa da na sauran lokuta, launukan da suka ragu su ne suke faɗin abin da ke cikin iskar. Na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda take sararin samaniya, ita ce ta fara yin haka, inda ta ga alamar sodiyam a duniyar HD 209458 b. Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, ta nuna iskar kabon dayoksaid ƙarara a duniyar WASP-39 b a watan Agustan 2022.

Kuma akwai 'yan kaɗan da aka ɗauki hotonsu na haƙiƙa, kamar duniyoyi huɗu na tauraron HR 8799, waɗanda aka ga uku a 2008 da ta huɗun a 2010. Manya ne, suna da zafi, suna nesa da tauraronsu, kuma ko su ɗin ɗigon haske ne kawai a hoton.

Injiniya Mai Ritaya:

Malama, tunda iyakar awo kike nema, ina ganin ya kamata a faɗi inda ake wuce gona da iri. Samuwar duniyar da tsawon shekararta da faɗinta abubuwa ne masu ƙarfi. Nauyin da rangaji yake bayarwa kuwa mafi ƙarancinsa ne, sai an san yadda hanyar duniyar ta karkata sannan a san na gaskiya. Da zarar an zo batun teku ko rai, an shiga hasashe. Idan aka ce duniya tana yankin da rai zai iya zama, ma'anar kawai ita ce nisanta da tauraron zai iya barin ruwa ya zauna ba tare da ya daskare ko ya ƙafe ba, idan har tana da iskar da ta dace. Ga misali, Zara (Venus), duniyar da take maƙwabtaka da tamu, ta kusan kai duniyarmu girma, amma zafin doronta ya haura digiri 450.

Dubi duniyar K2-18 b. A watan Afrilun 2025 ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Cambridge ya ce ya ga alamar wani sinadari da ƙananan halittun teku suke fitarwa a nan duniya, labarin ya karaɗe ko'ina, amma wasu masana da suka sake duba bayanan suka ce alamar ba ta kai hujja ba. Ni wannan saɓani ba ya rage mini ƙimar fannin, domin a bainar jama'a ake yinsa kuma da bayanan da kowa zai iya dubawa. Abin da yake damuna shi ne kanun labarai da suke kai wa yara ƙarshen magana tun masana ba su gama ta ba.

Malamar Kimiyya:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Da a ce wasu suna kallon ranarmu daga nesa da irin na'urorinmu na yau, za su gano duniyarmu?

Mai Nazarin Falaki:

Da ƙyar, Malama. Sai wanda ya dace da zama daidai saitin hanyarmu ne zai ga muna giftawa ta gaban rana, kuma damar hakan kusan 1 ce cikin 200. Ko ya dace, sau ɗaya muke giftawa a shekara, don haka sai ya jira shekara biyu zuwa uku kafin ya tabbatar. Rangajin santimita 9 yana bakin iyakar abin da na'urori mafi inganci suke ƙoƙarin kaiwa, hoto kuma ya fi wuya, tunda rana ta fi duniyarmu haske kusan sau biliyan 10. Shi ya sa a cikin duniyoyi fiye da 5,000 da aka tabbatar zuwa 2022, manya da masu kusanci da taurarinsu suka fi yawa, kuma shi ya sa aka karkata ga ƙananan taurari jajaye irin TRAPPIST-1, wanda haskensa yake shekara kusan 40 kafin ya iso nan, kuma aka sanar a 2017 cewa duniyoyi bakwai masu kusan girman tamu suna kewaya shi. A wajen ƙaramin tauraro ƙaramar duniya tana tare kaso mai yawa na haske, kuma tana giftawa duk bayan 'yan kwanaki. Webb ta auna zafin duniyar da ta fi kusa da TRAPPIST-1 a 2023, sakamakon ya nuna ba ta da iska mai kauri, kuma har yanzu ana ci gaba da auna waɗanda suke tsakiya.